Filin Tambaya Da Amsa: Turancin Da Birkinsa Ya Tsinke

Jama'a barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru tun bayan da muka yi maganar "has" da "have", da na zauna tacewa sai na ga da yawansu ciwo ɗaya suke kuka da shi, wato manna jimlolin Turanci ba tare da alamar da ta dace ba, kowa dai da irin sunan da ya raɗa masa, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Masu tambaya kan wasiƙar neman aiki ku ƙara haƙuri, ban manta da ku ba.

TAMBAYA: Salam Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce 'yar SS3 daga Funtuwa, matsalata ita ce duk sanda na rubuta insha'i sai malamin Turancinmu ya ja layi da jan biro ya rubuta "run-on" a gefe, na tambaye shi ya ce wai jimlolina gudu suke babu birki, to sai na koma rubuta gajeru gajeru amma wallahi har yanzu bai daina ba, ko jiya na rubuta "It was raining I did not go to school" ya sake ja min layi alhali kalma tara ce kacal. Don Allah mene ne laifina, ga WAEC ta ƙarato.

AMSA: Wa alaikis salam 'yata. Malaminki yana da gaskiya, amma kema ban ga laifinki ba don sunan abin ne ya ruɗe ki. Duk wanda ya ji an ce jimla tana gudu zai ɗauka tsawo ne ya yi mata yawa, kuma wallahi tsawo ba ya cikin maganar ko kaɗan. Dubi wannan: "Although it had been raining since dawn and the road to our school was full of water, my mother, who does not accept excuses, gave me an umbrella and pushed me out of the house." Kalma 35 ce, kuma ko wane farfesa kika kai wa ba zai sami inda zai sa jan biro ba. Ga wata kuma mai kalma huɗu: "I came he left." Wannan ita ce mai laifin.

Abin da ake nufi shi ne an ɗauko magana biyu da kowace ta cika da kanta, kowace za ta iya tsayawa da ƙafarta, an manna su ba tare da an sa abin da zai raba su ko ya ɗaure su ba. A nahawun Hausa irin wannan yankin maganar shi ake kira ganga tsayayye, wato yana da mai aikinsa yana da aikataunsa kuma in aka yi shiru a kansa ba wanda zai ce "sai me?" To raba taki jimlar biyu ki gani. "It was raining." Ta cika. "I did not go to school." Ita ma ta cika. Motoci biyu kenan kowace da direbanta kika sako su a layi ɗaya babu danja babu ɗan karota, dole a yi karo.

Yanzu bari in gaya miki inda ciwon ya samo asali, don ni a ganina wanda bai gane wannan ba zai yi ta gyara ne yana komawa. Mu Hausawa harshenmu ya yarda a jero ayyuka babu mahaɗi. Ki ce na tashi na yi wanka na karya na tafi makaranta, Hausa ce tsantsa babu aibu. Ko a tatsuniya: suka zo suka ci suka sha suka watse. Kuma ki lura duk aikatau ɗin da muka furta sai mun sake maimaita masa "na" ko "ya" ko "suka", saboda a nan ne lokacin aikin yake zaune, ba ma iya jefar da shi. Ita kuwa "da" tamu sunaye take haɗawa, Audu da Binta, gero da dawa, ba ta haɗa jimla da jimla, in kika ce "na je da na dawo" ma'anar ma ta sauya gaba ɗaya. To idan ɗalibi ya yi tunani da Hausa ya juya shi zuwa Turanci kalma bayan kalma me zai fito? "I woke up I took my bath I ate I went to school." Kowane "na" ya zama "I", kowane "I" kuma a Turanci sabuwar jimla yake buɗewa. Ba daƙiƙanci ba ne, ƙa'idar gida ce aka tafi da ita gidan baƙi.

Gyara kuma ba shi da wuya. Mafi sauƙi ki sa aya ki fara da babban baƙi: "It was raining. I did not go to school." An wuce wurin. Sai dai in duk rubutunki haka yake zai yi kama da karatun 'yan aji biyu, shi ya sa ake da hanya ta biyu, wato waƙafi tare da mahaɗi: "It was raining, so I did not go to school." Mahaɗan da ke da wannan ƙarfin guda bakwai ne, for, and, nor, but, or, yet, so, malamai kan haɗa baƙaƙensu na farko su ce FANBOYS don sauƙin hadda. Ki riƙe cewa su biyun ake so tare, waƙafin da mahaɗin.

Hanyar da ni na fi ƙauna ita ce ki rage wa ɗaya daga cikin gangunan matsayi, ki mai da shi dogarau, wato wanda ba zai iya tsayawa ba sai ya jingina da ɗan'uwansa: "Because it was raining, I did not go to school." Ko ki juya: "I did not go to school because it was raining." Dalilin da ya sa na fi son ta shi ne tana tilasta wa mai rubutu ya faɗi alaƙar da ke tsakanin maganganun biyu, dalili ne? lokaci ne? sharaɗi ne? saɓani ne? In dalili ne because, in lokaci ne when ko after, in sharaɗi ne if, in saɓani ne although. Sau da yawa ɗalibi yana manna jimloli ne saboda shi kansa bai tsaya ya yanke wannan hukuncin ba, ya bar wa mai karatu ya yi canke.

Akwai kuma waƙafi mai ruwa, wannan alamar (;) da mutane ke tsoro, tana raba ganguna biyu masu kusanci ba tare da mahaɗi ba: "It was raining; I stayed at home." Daidai ne, amma kar ki mai da ita gishirin miya, ɗaya ko biyu a insha'i sun wadatar. Ita kuwa waccan jerin ta safe, tunda mai aikin mutum ɗaya ne, maganinta ki ambaci "I" sau ɗaya ki jefar da sauran: "I woke up, took my bath, ate and went to school." Wannan dabarar kaɗai in kika kama ta rabin jan biron ya tafi.

Batun WAEC kuwa, insha'in maki 50 ne: 10 na abin da kika faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu wato nahawu da alamomin rubutu da ƙa'idar haruffa. A wannan goman na ƙarshe duk kuskure ɗaya rabin maki yake ci, kenan kuskure 20 sun cinye shi tas, kuma a rubutu mai kalma 450 wanda ba ya sa aya zai tara ashirin tun bai kai tsakiya ba. Sannan mai maki in ya rasa inda jimla ta fara da inda ta ƙare ba zai yi miki kyauta a wancan maki ashirin na iya sarrafa harshe ba. Ki ware minti biyar na ƙarshe ki bi rubutunki kina farautar I, he, she, it, we, they, this, there, duk inda kika ga ɗayansu a tsakiyar layi ki dubi abin da ke gabansa. In babu aya babu mahaɗi kin kama ɓarawo. Allah ya ba da sa'a.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malami ne ina koyar da 'yan JSS a wani gari kusa da Gumel. Mu dai yadda aka koya mana shi ne duk inda za ka ja numfashi ka sa waƙafi, haka nake koya wa yarana, to sai wani abokin aikina ya ga na rubuta a allo "Musa is my friend, he lives in Kano" ya ce kuskure ne, muka yi ta musu har aka tashi. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Malam, sai dai ka yi haƙuri, abokinka ne ya ci musun. Wannan shi Turawa ke kira "comma splice", ƙanin wancan na sama ne uwa ɗaya uba ɗaya, bambancin kawai an liƙa waƙafi a tsakani. Kuma ya fi yayan nasa yawa nesa ba kusa ba, a jaridu ma ana ganinsa, saboda mai rubutu ya ji a jikinsa cewa wurin yana buƙatar wani abu sai ya miƙa hannu ya ɗauko alamar da ta fi kusa. Amma waƙafi shi kaɗai ba shi da ƙarfin ɗaure cikakkun ganguna biyu a Turanci, kamar ka ɗaure buhun masara biyu a bayan babur da zaren ɗinki ne. Ko dai "Musa is my friend. He lives in Kano." ko "Musa is my friend, and he lives in Kano." ko wadda ta fi daɗi, "My friend Musa lives in Kano." Ka ga wannan ta ƙarshe ta ma rage kalmomi.

Sai dai ƙa'idar numfashin nan ba daga sama ta faɗo ba, kuma ba zan raina waɗanda suka koya mana ita ba. Mu kanmu sunayen da muka ba alamomin, aya da waƙafi, daga makarantar allo muka ɗauko su, inda tsayawa a karatu da gaske maganar numfashi ce da kiyaye ma'ana. Su ma Turawan haka abin ya faro. Girkawan da a haɗe suke rubutu babu ko tazara tsakanin kalmomi, sai wani mai kula da ɗakin karatun Iskandariya ta Masar, Aristophanes mutumin Byzantium, wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kawo ɗige-ɗige don mai karatu da ƙarfi ya san inda zai dakata. Kalmar comma ɗin ma asalinta da Girkanci yanki ne da aka gutsuro. Waƙafi mai ruwa kuma a ɗab'in Aldus Manutius na birnin Venice ya bayyana cikin shekarun 1490. Amma da karatu ya koma na ido, kowa da littafinsa a hannu, sai alamomin suka tashi daga bin huhu suka koma bin ginin jimla. Kuma ka duba, numfashi ba ma'auni ba ne, ɗan ƙwallo da mai asma ba wuri ɗaya za su tsaya ba.

Ga abin da na ga yana aiki a aji. Ka rubuta ganga ɗaya a kwali, ɗayan a wani kwalin, yara biyu su fito su riƙe, sannan ka raba wa sauran ƙananan kwalaye masu aya, waƙafi, so, but, because. Wanda ya riƙe waƙafi in ya zo ya tsaya a tsakani shi kaɗai aji su kore shi har sai ya janyo abokinsa "but" ko "so". Dariya za su yi ta yi amma ba sa mantawa. Sannan in sun yi rubutu ka sa su karanta daga jimlar ƙarshe zuwa sama, don in an bi labari daga farko daɗinsa kan ɗauke hankali kunne ya yi ta cike giɓin da ido bai gani ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ma'aikaciya ce a sakatariyar jiha, ni nake buga memo da wasiƙu. Ogana ya dawo min da takarda har sau biyu a kan layi ɗaya, na rubuta "The contractor has been paid, however the work has not started" shi kuma ya zagaye however ɗin kawai bai ce komai ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Ba however da but duk ɗaya ba ne?

AMSA: Hajiya, a ma'ana 'yan gida ɗaya ne, a aiki kuwa kowa da ofishinsa. "But" mahaɗi ne, yana cikin bakwai ɗin can. "However" kuwa bayanau ne da ke shigar burtu, yana nuna alaƙa amma ba ya ɗaure komai. Ga yadda za ki gane: gwada matsar da shi. "The work, however, has not started." Ya zauna. "The work has not started, however." Nan ma ya zauna. To gwada da but: "The work, but, has not started." Kin ji ai ba ta shiga kunne. Duk kalmar da za ta iya yawo haka cikin jimla ba ƙusa ba ce, ba za ta riƙe katako biyu ba. Ko a Hausa muna da irin wannan, "amma" a gaba take zama, amma aikin bai fara ba, ita kuwa "kuwa" ciki take kutsawa, aikin kuwa bai fara ba. To however ta fi kusa da kuwa.

Saboda haka ki rubuta "The contractor has been paid; however, the work has not started." ko ki sa aya ki fara However da babban baƙi, waƙafi na biye da ita. In kina son gajartawa, "The contractor has been paid, but the work has not started." Haka dokar take a kan dukkan danginta: therefore, moreover, nevertheless, otherwise, meanwhile, consequently, furthermore, har da then. Turancin ofis cike yake da su shi ya sa wannan kuskuren ya yi gida a fayil-fayil, wani ya kwafa daga tsohon memo, na bayansa ya kwafa daga nasa, shekara da shekaru. Abu ɗaya zan ƙara kar ki je ki yi ta zuba waƙafi bayan kowace however, akwai wadda ke nufin komai yadda, kamar "However hard he tries, he cannot finish it today", ita wannan ba a sa mata waƙafi a baya.

Shi kuma oga da ya zagaye ya yi shiru, ai da ya rubuta kalma biyu a gefe da an huta da asarar takarda. Amma ban ce ki gaya masa ba.

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, daga Damagaram nake. Mu nan da Faransanci muka yi lakwal, yanzu ina shirin zana jarrabawar Turanci ta IELTS don neman karatu a waje, mai koya min yana ta cewa ina haɗa jimloli da waƙafi, ni kuma a Faransanci haka muke yi ba wanda ya taɓa cewa komai.

AMSA: Wa alaikas salam ɗan'uwa, a gaida mutanen Damagaram. Kai kaya biyu ka ɗauko, na Hausa da na Faransanci, kuma duka biyun gefe ɗaya suka karkata. Faransanci yana da sassauci a nan, "Il pleuvait, je suis resté à la maison" ba wanda zai ɗaga ido, marubutansu na yin haka kullum. Turanci na jarrabawa bai yarda ba. A aiki na biyu na rubutun IELTS za ka rubuta aƙalla kalma 250 cikin kamar minti 40, kuma ma'aunai huɗu ake dubawa da nauyi iri ɗaya: yadda ka amsa tambayar, yadda maganganunka suka haɗu suka bi juna, yalwar kalmomi, sai faɗin nahawu da ingancinsa. Alamomin rubutu a cikin na ƙarshen suke. Tarkon da na ga mutane ke faɗawa shi ne an gaya musu ana son jimloli masu sarƙa, sai su ɗauka doguwa ake nufi su yi ta jera ganguna da waƙafi. Mai sarƙa ita ce wadda ke da dogarau a cikinta, mai although, whereas, which, unless. Ka ɗauki tsoffin rubuce-rubucenka guda uku ka zagaye kowane waƙafi, ka rufe hagunsa da yatsa ka karanta dama, ka rufe dama ka karanta hagu. In duka ɓangarorin sun tsaya da kansu to wurin ya fi ƙarfin waƙafi.

TAMBAYA: Malam ni fa ban yarda da wannan dokar ba. "I came, I saw, I conquered" ba waƙafi ne kawai a ciki ba? Kuma duk duniya ake ambatonta. Litattafan Turawan ma cike suke da irin wannan, a WhatsApp ma haka kowa ke rubutu kuma ana fahimtar juna. Anya ba malamai ne kawai ke neman abin rage maki ba? Daga wani ɗalibin jami'a a Zariya.

AMSA: Hahaha, na san sai an samu ɗan Zariya da zai ja da ni. Ka kawo hujja mai kyau kuma ba zan musa ba. Maganar ta Julius Caesar ce bayan ya ci Pharnaces sarkin Pontus da yaƙi a Zela, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a shekara ta 47 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma da Latin kalma uku ce rak, veni, vidi, vici. Masana Turanci sun yarda da waƙafi a irin wannan wurin, inda gangunan gajeru ne ƙwarai, ƙirarsu ɗaya, mai aikin ɗaya, kuma saurin da kansa shi ne saƙon, mutumin yana alfahari ne cewa yaƙin bai ɗauke shi komai ba. Akwai ma wasu wuraren da waƙafi ne daidai ba makawa: "You are coming, aren't you?" da "The more you read, the better you write." da kuma maganar da aka ɗauko daga bakin wani, "I am tired," she said.

Marubutan ƙagaggun labarai kuma da gangan suke yi, don su nuna mutum a ruɗe ko yana haki ko tunani na ta kwararo masa, kuma in ka buɗe wani shafin za ka ga sun iya ɗaya hanyar sarai. Kowa ya iya allonsa ya wanke. Bambancin shi ne su sun zaɓa ne, ɗalibin da ya rubuta "the sample was small, the result is not reliable" a furojet ɗinsa bai zaɓi komai ba, bai ma san akwai zaɓi ba, kuma ya bar sufabaiza yana tambayar kansa shin ƙarancin samfurin ne ya jawo rashin ingancin ko abubuwa biyu ne daban. Kalmar "so" guda ɗaya da ta kashe wannan ruɗanin.

WhatsApp kuwa ka sake, ba mai bin ka da jan biro, ni kaina in ka ga saƙonnina za ka yi mamaki, kai ko wannan filin ka duba Hausar da nake rubutawa ai gudu take abinta. Harshenmu ya ɗauka. Takardar neman aiki da Turanci ce ba za ta ɗauka ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Yarona ɗan JSS2 ne, tun da malamarsu ta yi masa faɗa kan dogayen jimloli ya koma zuba aya ko'ina, jiya na ga ya rubuta "Because I was sick. I did not come. Which made my teacher angry." Daidai ne haka? Ni dai ban natsu da shi ba. Maman yara daga Jos.

AMSA: Lafiya lau Maman yara, kuma kunnenki bai yaudare ki ba. Yaron ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Wannan shi ne kishiyar wancan, guntuwar jimla, an yanke dogarau an ajiye shi shi kaɗai. Ki gwada masa da Hausa zai gane nan take, ki shigo ɗaki ki ce masa "saboda ba ni da lafiya" ki yi shiru ki zuba masa ido. Zai ce "sai me Mama?" To wannan "sai me" ɗin shi ne shaidar magana ba ta cika ba. A cikin ukun da ya rubuta ta tsakiya ce kawai ke tsaye da ƙafarta, sauran biyun jingina suke nema. Gyaran: "Because I was sick, I did not come, which made my teacher angry." Ko ya raba biyu: "I did not come because I was sick. This made my teacher angry." Kar ki tsawata masa da yawa, alama ce ya fara lura da iyakar jimla, saura ya san wadda ta isa a ba ta ɗakinta da wadda har yanzu a bayan uwa take.

Kin kuma tambaya a ƙasan saƙon ko manhajar gyaran Turanci ta waya za ta taimaka. Tana kama wasu tana tsallake wasu, kuma ranar jarrabawa ba za a bar shi ya shiga da ita ba, gara ya saba da yatsa da biro.

Ga aikin gida ga duk mai so, na haɗa shi daga irin abin da nake gani a takardun ɗalibai: "My uncle is a driver he travels from Kano to Lagos every week, the road is long however he does not complain, he says the work feeds his family. Although it is dangerous." Kurakurai biyar ne a ciki. Ku gyara ku turo, zan buga gyara uku da suka sha bamban da juna a fitowa ta gaba, don ba hanya ɗaya ce kawai daidai ba, sannan mu shiga maganar wasiƙar neman aiki in Allah ya kai mu.